Rufe atisayen tai chi: tsayuwa ana numfashi ko murza jiki?

Ɗan'uwa, ka ce kana koyon tai chi, wasan motsa jiki na Sinawa, salon taku 24, kuma ka ga malamai biyu a bidiyo: ɗaya yana ƙarewa da tsayuwa cik, hannu a mara, ɗayan kuma sai ya hau murza tafi da bubbuga cinya. Kana so ka san wanne za ka ɗauka.

Shi salon 24, wanda hukumar wasannin ƙasar Sin ta fitar a 1956 daga salon gidan Yang, yana da nasa rufin a ciki, ana ce masa shoushi: bayan ka gicciye hannuwa a gaban ƙirji sai ka ware su, ka sauke a hankali zuwa gefen cinya, ka jawo ƙafar hagu kusa da ta dama. Abin da ka gani a bidiyon kuwa shougong ne, tattara aiki bayan an gama komai, kuma duka biyun da ka ambata cikinsa suke.

A tsayuwar, tafi ake ɗorawa bisa tafi a kan dantian, wurin da ke kamar faɗin yatsu uku ƙasa da cibiya, can ciki. Harshe na taɓa ganɗa, kafaɗu a sake. Ka shaƙa ta hanci, ciki ya taso, ka fitar, ya lafa. Malaman Sinawa suna cewa ana mayar da chi, wato kuzarin jiki, ne ma'ajiyarsa kada ya watse. Ko ba ka shiga wannan bayani ba, akwai abin da likita ma zai yarda da shi: in fitar numfashi ta fi shaƙa tsawo, bugun zuciya yana sauka. Minti 2 ko 3 ya isa.

Amma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Ni kaina da na fara, ƙirga numfashi nake yi kamar mai bin bashi, ina cusa iska har wuyana ya sage, in tashi da ciwon kai. Sai da na daina ƙirgar sannan numfashin ya kwanta da kansa. Kada kuma ka ƙame gwiwa, don jini na taruwa a ƙafafu, jiri ya ɗebe ka. Numfashin nan na juye, wanda ciki ke shigewa lokacin shaƙa, na fitar da ƙarfi ne irin na salon gidan Chen, wani salon tai chi. Ba na rufewa ba ne, balle ga mai hawan jini.

Murzar ba ta da wannan wahala. Ka goga tafuka har su ɗauki zafi, ka shafa fuska kamar mai wanke ta, ka tsefe kai da yatsu daga goshi zuwa ƙeya, ka murza ƙugu daidai saitin ƙoda, sannan ka bubbuga ƙafafu, ka sauka ta waje ka hauro ta ciki. Tana wartsakar da mutum, tana kuma sakin cinyar da ta sha durƙuso. Sai dai in ka faɗa mata kana haki, da hakin za ka gama.

In lokaci bai ba ka dama ba, ɗauki tsayuwar, musamman da dare kana shirin kwanciya. Da sanyin safiya kuwa, in aiki za ka wuce, murzar za ta fi yi maka amfani. Ni dai haɗawa nake yi, tsayuwa tukuna, murza ta biyo baya. Daga nan in ɗan zaga tsakar gida kafin in zauna, in goge gumi kada iska ta buge ni, ruwan firij kuma sai jiki ya huce.