Takalmin Babur na Forma Adventure: Ko Ya Ci Kuɗinsa?

Takalmin roba da masu babur da yawa ke sawa da damina yana hana ƙafa jiƙewa, amma ba ya kare idon sawu idan aka faɗi. Forma Adventure, na kamfanin Forma na Italiya, ya haɗa duka biyun. An ɗinka shi da fata mai kauri, a cikinsa akwai shafin Drytex da ke tare ruwa amma yake barin gumi ya fita, kuma maɗaurai uku ne ke riƙe shi har ƙauri, waɗanda ake iya sauyawa idan ɗaya ya karye ba tare da an yar da takalmin ba.

Kuɗinsa bai kai na takalmin Sidi Adventure 2 mai Gore-Tex (wani shafi mai tare ruwa kamar Drytex) ba, kuma a ganina wannan ne babban dalilin sayensa, ko da yake laushinsa ya sa kariyarsa ba ta kai ta Sidi ba a hanya mai duwatsu. Da bazara yana ɗumama ƙafa sosai. Mai saye ya duba alamar EN 13634 a ciki, wadda ke nuna takalmin ya cika ƙa'idar kariya ta Turai ta takalman babur, kuma ya riƙa shafa wa fatar mai, domin rana da ƙura suna busar da ita har ta tsattsage.