Manhajar rance da ke yanke hukunci cikin minti biyar: abin da take gani da abin da ke wuce ta a kasuwannin Kaduna

Wata takwas ke nan ina amfani da ɗaya daga cikin manhajojin waya masu ba da rance ba jingina, ba mai tsaya maka, ina kuma lura da yadda take yi da 'yan kasuwa a Kasuwar Bacci, Kawo da Panteka. Ba zan kama sunanta ba. Babu wani ma'aikaci da ke karanta takardarka a wannan tsari. Na'ura ce, wadda kamfanin ke kira ƙirƙirarriyar basira, take auna bayananka ta ba ka maki, makin kuma shi ke cewa a ba ka ko a hana ka, nawa za a ba ka, da kuɗin ruwan da za a ɗora maka.

Hukuncin riba ba ɓoyayye ba ne ga Musulmi, kuma mai gudun ta yana da bankuna marasa kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ. Sai dai ko can ɗin ana duba tarihin bashin mutum kafin a yi hulɗa da shi, don haka abin da ke ƙasa ya shafi har wanda bai taɓa sauke irin wannan manhaja ba.

Rajista ba wuya. Lambar waya, lambar BVN mai alƙaluma 11, hoton fuska kai tsaye, adireshi, sai bayanan shige da ficen asusunka na wata shida. In komai ya dace, amsa na zuwa kafin ka sha kofin shayi, kuɗi kuma su shigo a ranar. A nan dole a yaba mata. Ba sanayya, ba "ɗan wane ne", ba zarya zuwa banki a Yakubu Gowon Way ka bar shago a rufe. Ga mai albashi da kuɗinsa ke shigowa ƙarshen kowane wata, hukuncinta yakan yi daidai, kuma iyakar da take ba shi tana ƙaruwa a hankali in yana biya a kan lokaci.

Matsala ta farko tana nan a bakin ƙofa, wato suna. Mutum ɗaya ne, amma BVN ta ce Mohammed, katin NIN ya ce Muhammad, asusun banki ya ce Muhammadu. A'isha a wuri ɗaya, Aishatu a wani. Wani ya sa sunan mahaifi a matsayin sunan ƙarshe, a wata takardar kuma sunan garinsu. Manhajar tana gwada haruffa ne ɗaya bayan ɗaya, in bambancin ya wuce iyakar da aka saita mata sai ta ɗauke shi alamar damfara. Ba za ta ce maka sunan ne ba, za ta ce "ba ka cancanta ba a yanzu, sake gwadawa nan gaba". Mutane na sake gwadawa sau huɗu sau biyar, alhali gyaran yana banki ko ofishin NIMC. Kafin ka taɓa manhajar, jera sunanka da ranar haihuwarka a BVN, NIN da asusunka ka tabbata iri ɗaya ne harafi da harafi. Ranar haihuwa ma tana kayar da mutane da yawa, musamman dattawan da aka rubuta musu 1 ga Janairu a wata takarda, wata ranar daban a wata.

Sai hoton fuska. An fara BVN a 2014, don haka akwai waɗanda hotonsu da ke ajiye ya haura shekara goma. Saurayin da aka ɗauka ba gemu yanzu magidanci ne. A haɗa da duhun cikin rumfa da kyamarar ƙaramar waya, sai tantancewar ta faɗi. Wannan rauni sananne ne a fannin: binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka fitar a 2018 a kan manhajojin da ke bambance fuskar namiji da ta mace ya sami kuskure har kashi 34.7 cikin ɗari a kan mata masu duhun fata, a kan maza farare kuwa bai kai kashi 1 ba. Abin da ke aiki shi ne a fita waje a tsaya a inuwa fuska na kallon haske, a goge gilashin kyamara, a cire tabarau. Hajiya ba ta buƙatar cire hijabi, ya isa goshi da haɓa su fito sarai. Abin da ya dame ni shi ne bayan faɗuwa uku manhajar tana kulle mutum, ba ta kuma tura shi wurin ɗan Adam da zai dubi fuskarsa ya dubi katinsa.

Inda na fi ganin rashin adalci shi ne yadda take karanta kuɗi. Na'urar tana son ganin kuɗi na shigowa a kai a kai, kusan adadi ɗaya, da ɗan saura da ke kwana a asusu. Kasuwancinmu ba haka yake tafiya ba. Tela a Tudun Wada yana samun babban rabon cinikinsa ne makonni kafin ƙaramar Sallah da babba, sauran watanni sai a hankali. Mai sayen hatsi yana zuba duk jarinsa a kaka, asusu ya zama wayam, ribar kuma sai bazara ko damina in farashi ya tashi. In wata shidan da aka duba ya faɗa a lokacin da kaya ke sito, na'urar za ta ga matalauci, alhali mutumin yana zaune a kan buhu ɗari na masara. Mai sayar da atamfa da ke karɓar tsabar kuɗi ta kai wa mai POS ya tura wa dillalinta a Kantin Kwari, cinikinta duka yana bayyana a asusun mai POS ɗin. Shi kuma sai ya zama attajiri a idon na'ura, a ba shi rancen da ya fi ƙarfin ribarsa, don kuɗin da ke ratsa asusunsa na mutane ne. Kuskuren yana cin gefe biyu ke nan: an hana wadda za ta iya biya, an ɗora wa wanda ba zai iya ba.

Adashi ma haka. Matar da ta yi shekara biyar tana zubi ba ta taɓa fashi ba ta nuna riƙon amanar da ya fi kowace takardar banki, amma ba a rubuce yake a inda na'ura ke karantawa ba. Ranar da ta kwashi adashin kuma, kuɗi masu yawa sun shigo lokaci ɗaya sun fita cikin kwana biyu, wannan kuwa a lissafin manhaja abin zargi ne. Mata da yawa a Rigasa da Unguwar Sanusi suna ciniki ne da asusun maigida ko na ɗansu. Manhajar ba ta tambayar jinsi don ta hana mace, amma sakamakon yana zuwa daidai da hanawa.

Dalilin wannan yana cikin yadda ake koyar da na'urar. Ana ba ta tarihin mutanen da aka riga aka ba rance, waɗanda suka biya da waɗanda suka gaza, ta ciro alamomin da suka raba su. Wanda aka hana tun farko ba ya cikin tarihin, don ba a taɓa ganin ko zai biya ba. In rukunin farko galibinsu masu albashi ne, na'urar za ta ci gaba da fifita mai kama da su, kuma kowane zagaye yana ƙara tabbatar mata da ra'ayinta. Alamomi irin su samfurin waya, unguwa, ko yawan sauya layi suna iya zama madadin talauci ko yanki ba tare da kowa ya nufi haka ba. Kamfanin da ke son gaskiya zai riƙa ware ƙaramin kaso na waɗanda aka hana ya ba su ɗan rance don ya gwada hukuncinsa, ya kuma kwatanta yawan hanawa da yawan gaza biya tsakanin maza da mata, jiha da jiha, mai albashi da ɗan kasuwa. In ana hana wani rukuni da yawa alhali waɗanda aka ba a cikinsu suna biya kamar kowa, ma'aunin ne ya karkace. Ban ga inda wannan kamfani ya wallafa irin wannan lissafi ba, kuma ina ganin ya wajaba a tilasta musu.

Farashi kuma a yi lissafinsa da biro. A ce an rubuta rancen N50,000 na kwana 30 da ruwan kashi 10, za ka biya N55,000. In an cire N2,500 na hidima kafin kuɗin su iso, N47,500 ka karɓa, ka biya N7,500 a kansu, wato kusan kashi 16 a wata ɗaya. Mai ƙaramin maki shi ake ɗora wa ruwa mafi yawa, don haka kuskuren na'ura ba ya tsayawa a hanawa, yana komawa kuɗi da ke fita daga aljihun wanda aka yi wa mummunan zato.

Ga wanda aka hana ba dalili, akwai matakai. A fara da rahoton bashi. Kamfanoni uku ne ke da lasisin Babban Bankin Najeriya na adana tarihin bashi: CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara. A duba duka ukun, don ba lallai bayaninsu ya zo ɗaya ba. Abin da aka fi tararwa shi ne bashin da aka biya tuni amma mai ba da rancen bai sabunta ba, ko ɗan canjin da ya rage a tsohon asusu ya tara ruwa, ko bashin wani da ya maƙale wa mutum saboda layin wayar da ya saya tsohon layin wani ne da aka sake sayarwa. A karɓi takardar shaidar kammala biya daga wanda ya ba da rancen, a haɗa da rasit a shigar da ƙorafi wurin kamfanin da ke riƙe da rahoton.

Bayan haka a rubuta wa masu manhajar. Sashe na 37 na dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ya yi magana a kan hukuncin da na'ura kaɗai ta yanke, ya kuma tanadi damar mutum ya nemi ɗan Adam ya sa baki, ya faɗi nasa bayanin, ya ƙalubalanci hukuncin. A ambaci sashen a cikin wasiƙar, a ajiye kwafi da kwanan wata. In sun yi shiru, hukumar NDPC ce ke karɓar ƙorafin bayanai, FCCPC kuma, wadda ta fara yi wa masu rancen waya rajista a 2022, ita ke duba cin zarafin mai hulɗa. A nan manhajar ta fi ba ni takaici: sashen taimakonta ma na'ura ce ke amsawa, da Turanci kaɗai, babu maɓallin neman a sake dubawa. Manhajar da ta nemi shiga jerin lambobin wayarka ko hotunanka kuwa a goge ta nan take, Google ta haramta wa manhajojin rance hakan tun ƙarshen Mayun 2023.

Ga mai albashi da takardunsa suka daidaita, na ba ta uku cikin biyar. Ga ɗan kasuwar tsabar kuɗi, tela, mai hatsi da 'yar adashi, ɗaya da rabi. Wanda ya zama dole ya nema, ya buɗe asusu da sunansa, ya riƙa zuba cinikin yini a ciki ko da zai cire washegari, ya biya dillalansa daga asusun kai tsaye, ya yi haka wata shida cur, sa'annan ya nema a ƙarshen lokacin cinikinsa, bayan Sallah ko bayan ya sayar da hatsi, lokacin da watannin da za a duba suka ƙunshi kasuwarsa ta gaske.