Kan sandar golf da aka zuba min a Katako

Masu tambayata kan pota ɗin nan, wato sandar da ake tura ƙwallo rami da ita in an zo kusa, to ba daga Faransa ta zo ba, nan Yamai aka yi kanta, wajen wani mai zubin tukwanen sanholo a kasuwar Katako, kuma walahi aikin ya fi ƙarfin kuɗin da ya karɓa.

Jikin sandar da mariƙi na wata tsohuwar pota ne, sabon kai kawai na so a zuba min. Abin da na roƙe shi ɗaya ne, nauyi ya koma gefe biyu, dunduniya da tsini, wato ƙarshen kan na kusa da mai bugu da na nesa da shi, tsakiya ya zama marar nauyi. Ba ni na ƙirƙiro ba, dabarar Karsten Solheim ce wanda ya kafa kamfanin Ping, shi ya fito da potar da ake kira Anser a 1966 kuma har yau ita ake kwaikwayo. Dalili kuwa in nauyi na can gefe ko ka bugi ƙwallo ba a tsakiyar fuska ba, wato gefen da ke taɓa ƙwallo, kan baya saurin murɗewa, ƙwallon na bin hanyarta. Sanholo shi kaɗai bai da nauyi, tagulla ta ninka shi sau uku, shi ya sa ya huda ramuka biyu ya cusa guntayen tagulla muka riƙa ɗorawa kan sikeli har ya kai garam 350, daidai nauyin waɗanda ake saidawa a waje ke nan.

Inda mutumen ya burge ni wajen daidaito ne. Na nuna mashi gwajin yatsa, ka kwantar da sandar kan yatsa ɗaya ka duba, in fuskar ta kalli sama to ta daidaita, in tsinin ya rataya ƙasa to ta masu bugu da ɗan lanƙwasa ce. Ni buguna miƙaƙƙe ne, fuska sama nike so. Bai taɓa riƙe sandar golf ba amma nan take ya ce Malam ai ramin da sandar ke shiga cikin kan ne ya kamata ya bi ta inda nauyin ya taru, ya matsar da shi tsakiya, ya ɗan goge tagullar tsini da zarto, shi ke nan ta zauna cif. Karkatar sandar ma ya kiyaye, dokar golf ta ce kar ta tsaya cak, sai ta kauce aƙalla digiri 10, tawa wajen 20 ce kamar yawancinsu.

A fili fa? Mu nan ba ciyawa gare mu ba, yashi ne aka daddale, ƙwallo bata gudu sosai, amma gajerun bugu na mita ɗaya zuwa biyu hannuna ya samu natsuwa ƙwarai.

Abin da bai min ba, fuskar. Zubi ne, akwai ƙananan ramuka sai da na kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya shafe ta ya ba ta ɗan kwanci baya na digiri 3, kuma sanholo na da laushi, yashi ya fara karce ƙasan tun yanzu. Duk wanda zai yi irinta ya je da zane da awo a takarda, kuma ya sa kuɗin gyaran fuska cikin lissafi tun farko.