Dashen dakwara ko sassaben zamani: wanne ya fi wa manomin Damagaram?

Masu aikin kuɗin kabon, wato biyan mutane saboda iskar da itatuwansu ke zuƙewa, hanya biyu suke bi.

Ta farko dashe. A samu fako, a haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata, a dasa dakwara, kamar aikin da Bankin Duniya ya tallafa wa a Nijar. Ana samun kuɗin ƙwadago nan take, mata su yi renon iri su sayar, daga baya a ɗebi ƙaro. Sai dai ƙaron yana ɗaukar shekaru, kuɗin kabon kuma sai an zo an auna, an tantance, sannan a raba ta hannun ƙungiya. Kafin nan, awaki sun yi nasu rabon. Makiyayi ma yakan rasa wajen kiwo idan aka killace filin.

Ta biyu sassaben zamani, wanda ya bazu daga Maraɗi tun wajen 1983. Ba dashe, ba ban ruwa. Manomi ya bar tohon kututture a gonarsa, ya zaɓi rassa masu ƙarfi, ya sassabe sauran. Duk wanda ya ratsa Matamaye ko Magarya ya ga gawo birjik cikin gonaki. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya inuwa ga hatsi, gero ya fi kyau a gindinsa, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne da rani. Uwargida ta huta da tafiyar neman itacen girki.

Ni sassaben na fi so, don amfaninsa ba ya jiran mai awo. Matsalarsa ita ce itatuwan a warwatse suke cikin ƙananan gonaki, ƙidayarsu na da tsada, kuma masu sayen kabon ba sa son biyan itacen da dama can yana tsaye.