Wata biyar da Galaxy S24 a hannuna: waya ce mai kyau, amma duk abin da suka yi wa iPhone dariya a kai yana jikinta

Tun ranar da na sa hoton wayar nan a status mutane ke ta tambayata wai ya take, in saya ko in haƙura, toh yau dai na samu lokaci bari in yi bayani gaba ɗaya kowa ya huta. Samsung Galaxy S24 ce, ƙaramar, ba Plus ba ba Ultra ba, sabuwa dal a kwali na ɗauko ta a Farm Centre nan Kano. Kar wanda ya tambaye ni nawa, farashin waya yanzu dala yake bi, abin da na biya wata biyar da suka wuce ba zai amfane ka da komai ba yau. A Amurka dai da ta fito a watan Janairun 2024 dala 799.99 aka sa mata, kusan daidai da kuɗin iPhone 15, bambancin bai kai dala ɗaya ba, wannan kaɗai ya isa ka gane da wa suke.

Abu na farko da na lura da shi tun a shago shi ne kwalin. Siriri kamar na sabulu. Na buɗe na ga waya, igiyar caji, ɗan tsinken cire sim da 'yan takardu, shikenan. Na san da ma babu kan caja a ciki, amma don tsokana na ce wa yaron shagon, abokina ina kan cajar ko ka cire ne, ya yi dariya ya ce wlh yallaɓai haka suke zuwa yanzu, manyan wayoyi duk sun daina sakawa. Ni abin da ya sa ni dariya daban ne, saboda ina tune da abin da ya faru a Oktoban 2020 lokacin da Apple suka fito da iPhone 12 ba caja a kwali suka ce wai don kare muhalli ne. Wani shafin Samsung na Facebook, na yankin Karibiyan, ya ɗora hoton kan caja baƙi shi kaɗai, da rubutun da ke nuna cewa Galaxy ɗinka da cajarta take zuwa. Duniya ta ɗauka, mu 'yan Android muka dinga turawa a group muna yi wa masu iPhone shaƙiyanci. Kafin shekarar ta ƙare sun goge hoton a ɓoye, Janairun 2021 suka fito da S21, babu caja. Wata uku kacal fa tsakani. Ko makoki ba a gama ba.

Kuma ba wannan ne karon farko ba. Ramin iyafis ma haka aka yi. 2016 Apple suka cire shi a iPhone 7, wani babbansu Phil Schiller ya tsaya a kan dandamali ya ce wai jarumta ce ta sa, aka yi ta yi musu dariya kuma gaskiya sun cancanta. Samsung suka shafe shekaru suna cin abinci da maganar nan. Akwai wata talla da suka yi a ƙarshen 2017 wadda har yau ina ganin tana cikin tallace-tallacen waya mafi iya habaici, wani saurayi ne aka nuna yana ta fama da iPhone tun daga ta farko ta 2007, yau memori ya cika ba zai ɗau hoto ba, gobe ya faɗa ruwa waya ta mutu ya tsoma ta a shinkafa, jibi yana fama da wata 'yar igiya mai reshe biyu don ya yi caji ya kuma ji waƙa a lokaci ɗaya, budurwarsa kuma tana gefe da Galaxy hankalinta kwance. Ƙarshe ya koma Samsung, yana wucewa ta gaban shagon Apple ya ga wani a layi an yi masa aski mai siffar wannan baƙin gibin da ke saman sikirin ɗin iPhone X. Wlh askin nan ya kashe ni da dariya a lokacin. To 2019 Note 10 ta fito babu ramin iyafis, tallace-tallacen nan suka ɓace daga shafinsu na YouTube na Amurka, gibin sikirin ɗin ma sun zo sun saka irin nasu a ƙananan wayoyinsu na M da A, har da babbar tablet ɗinsu Tab S8 Ultra. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

S24 ɗin da ke hannuna ba ramin iyafis, ba gurbin memori kad, ba caja, batir ba ya cirewa. Guda huɗun nan kowanne akwai tallar da Samsung suka taɓa yi suna zolayar Apple a kai. Ta batir ɗin tun 2014 ce zamanin S5, suka nuna masu iPhone a filin jirgi sun maƙale a jikin bango kusa da soket har a banɗaki, mai Galaxy kuma ya ɓalle murfin baya ya canja batir ya wuce abinsa. Shekara ɗaya bayan nan S6 ta zo a rufe ruf. Ni wannan ce ta fi min ciwo a matsayina na wanda ke zaune a unguwar da wuta sai ta ga dama, da ana cire batir ɗin da na sayi biyu na huta da yawo da fawa bank.

Toh mu dawo kan wayar kanta don kar a ce na zo tone-tone kawai.

A hannu tana da daɗi ƙwarai. Inci 6.2 ce, nauyinta giram 167, tana shiga aljihun kaftani ba ta ja shi ƙasa, da hannu ɗaya nake amsa saƙo ina riƙe da kofin shayi. Gefenta a miƙe yake ɓal ba lanƙwasa, kusurwoyin a zagaye, in ka kife ta a tebur ka rufe kamarorin nan uku da yatsa ba kowa zai ce ba iPhone ba ce. Ƙanina wanda shi ɗan Apple ne na mutuwa, irin wanda ko bashi zai ci ya riƙe mai tambarin tuffa, ranar da ya fara gani ya jujjuya ta ya ce yaya ai da ka faɗa min kana son iPhone ne kunya ta hana ka, da na raka ka. Na ce masa shi ya fara duba ƙasan tasa wayar ya gaya min ramin cajin wa ya aro. iPhone 15 ce a hannunsa, kuma ita ce ta farko da Apple suka sa wa USB-C a 2023, bayan Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta tilasta, alhali mu mun shekara da shekaru muna amfani da shi. Yanzu cajata yake ara in ya zo gida, wannan ma wata nasara ce.

Sikirin ɗin shi ne inda na fi jin kuɗina bai tafi a banza ba. Yana gudu har 120Hz, in kana jan shafi sama da ƙasa sai ka ji kamar man shanu, ita kuwa iPhone 15 da aka sa musu kuɗi ɗaya a 60 take tsaye, in ka saba da wannan ka taɓa waccan za ka ji tana ɗan jan ƙafa. Haske kuma ba a magana, a ranar Kano ta ƙarfe ɗaya ina tsaye a titi ina karanta saƙo ba sai na kare da tafin hannu ba. Kamara uku ce a baya, babbar megafiksel 50, mai faɗi 12, sai mai jawo abu kusa ninki uku 10. Wannan ta ukun ita nake so, a wajen ɗaurin aure ko hawan sallah kana daga nesa ka ɗauko fuskar mutum tsaf ba tare da ka kutsa cikin jama'a ba, kuma ƙaramar iPhone 15 ba ta da irinta. Kalar hoton Samsung tana da ɗan ƙarin armashi, shadda fara ta fito fes, jan hula ya ƙara ja, wasu ba sa so sun ce ba haka abin yake a ido ba, ni dai mutanen gidanmu sun fi so in ɗauke su da ita.

Sim biyu take ɗauka irin wadda aka kawo mana nan, wanda ga mai layin kira daban layin data daban wannan ba ƙaramin abu ba ne. In za ka saya ka duba da kyau, ta kasuwar Amurka gurbin sim ɗaya gare ta sai eSIM, wato layin da ake ɗorawa a waya ba tare da katin sim ba, kuma injin cikinta ma daban, tasu Snapdragon 8 Gen 3 ce tamu Exynos 2400. Ni a amfanin yau da kullum, WhatsApp, TikTok, banki, ɗan kallon ƙwallo, ban ga inda ta tsaya min ba. Sun kuma yi alƙawarin shekara bakwai suna turo mata sabuntawa, wanda a da Apple aka fi sani da daɗewa ana sabunta waya, Google suka fara faɗin bakwai ɗin da Pixel 8 Samsung suka bi sahu. Irin wannan kwaikwayon kam Allah ya ƙaro.

Maganar Galaxy AI da suka cika duniya da ita, abu ɗaya ne ya zame min jiki, wato ka danna ƙasan sikirin ka zagaye abu da yatsa Google ya nemo maka shi. Na ga takalmi a hoton wani na zagaye, sai ga sunansa. Fassarar kira kai tsaye kuwa da harsuna 13 ta fito kuma babu Hausa a ciki, don haka ni da ita sai kallo.

Batir 4000mAh ne, caji kuma wat 25. A takarda ma ka san wannan lissafin ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa ne. Tecno da Infinix da ba su kai rabin kuɗinta ba yawancinsu 5000 suke zuwa da shi, da kan caja a kwali, wasu har da rigar waya kyauta. Wanda aikinsa a waya yake tun safe har dare, ɗan POS ko mai kasuwancin online, ya sa wannan a lissafinsa tun kafin ya cire kuɗi, ko ya ƙara ya ɗau Plus mai 4900.

Tunda na ambaci su Tecno, su ma fa ba a bar su a baya ba a wannan harka ta leƙen takardar maƙwabci. Apple suka fito da Dynamic Island a iPhone 14 Pro a 2022, wannan ɗan baƙin da ke buɗewa yana rufewa a saman sikirin, ba a jima ba Realme suka kawo Mini Capsule, Infinix suka ce Magic Ring, Tecno suka ce Dynamic Port, itel suka ce Dynamic Bar. Ukun ƙarshen nan duk 'ya'yan gida ɗaya ne, Transsion na Shenzhen a Chaina. Kuma ka shiga Farm Centre ka duba bayan wayoyin da ke cikin gilas, kamara uku a kusurwa an jera su irin na iPhone Pro, wata ma ɗaya ce ke aiki sosai sauran kwalliya ce. Su aƙalla ba sa zagin wanda suke kwafa, shiru suke yi su kwafa su sayar da araha, kuma yaro ya riƙe a majalisa daga nesa a ɗauka babba ce.

Abin da nake gaya wa ƙanina kullum in ya ɗau zafi shi ne faɗan Apple da Samsung ya fi kama da wasan Kanawa da Zagezagi, a yi ta zolaya a bainar jama'a a koma a ci tuwo a kwano ɗaya. Eh sun je kotu da gaske, Apple suka shigar da ƙara a 2011 cewa an kwafi fasalin iPhone, a Agustan 2012 masu taya alƙali yanke hukunci a San Jose suka ce Samsung ta biya sama da dala biliyan 1, aka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙolin Amurka, kuɗin ya sauko zuwa miliyan 539, a Yunin 2018 suka sasanta a tsakaninsu. Amma a daidai lokacin da ake tallar mai askin nan, sikirin ɗin OLED da ke jikin iPhone X ɗin da suke yi wa dariya Samsung Display ne suka ƙera shi suka sayar wa Apple. Kowace iPhone X da aka saya Samsung sun ci nasu a ciki. Mu ne a nan muke ɓata da juna a comment.

Su ma Apple ɗin ba waliyyai ba ne, daga 2006 zuwa 2009 sun yi ta tallar mutum biyu, ɗaya ɗan gayu shi ne Mac ɗaya mai kwat da tabarau duk a daburce shi ne PC, suna tsokanar Microsoft. Steve Jobs ya kushe alƙalamin taɓa sikirin a 2007, a 2015 sai ga Apple Pencil. Babbar waya da aka yi ta yi wa Galaxy Note dariya a kai tun 2011, a 2014 sai ga iPhone 6 Plus. Na baya-bayan nan da na ji daɗinsa shi ne na Mayun 2024, da Apple suka yi tallar iPad Pro inda wani ƙaton inji ya murƙushe fiyano da jita da gwangwanayen fenti da littattafai wai duk sun koma cikin siririyar iPad, masu zane da mawaƙa suka yi musu ca har sai da suka ba da haƙuri. Kwana kaɗan Samsung suka saki tasu, wata mata ta shigo cikin tarkacen ta ɗau fasasshiyar jita tana kaɗawa tana duba waƙar a Galaxy Tab. Ta yi kyau, na yarda. Bayan wata biyu kuma suka fito da iyafis marasa igiya Buds3 masu 'yar jela irin ta AirPods ɗin Apple da agogon da suka sa wa suna Ultra mai madauri ruwan lemo, kowa ya kalli na Apple ya kalli nasu ya yi shiru.

Toh in saya ko kar in saya? In kana son ƙaramar waya mai ƙarfi, sikirin mai kyau, kamara mai jawo nesa, kuma kana da inda za ka dinga caji da rana, saya, ni ban yi nadama ba kuma da za a mayar da ni shagon ita zan sake ɗauka. In batir ne gaba da komai a wurinka, duba wata. Kuma ka ware kuɗin kan caja daban tun daga gida. Ni na yi gangancin sayen wani a hannun mai tura baro a bakin titi don na ga araha, sati biyu ya fara zafi kamar dutsen guga na jefar da shi. Ka nemi na asali mai wat 25, ka duba jikinsa an rubuta PD da PPS, in ka jona wayar za ta nuna maka Super fast charging a sikirin, in ba ta nuna ba ka mayar masa da kayansa tun kana wurin.