Tayar P, XL ko LT: wacce ta dace da a-kori-kura mai jan tirelar kwana?

A Amurka, da zarar an shiga hutun lokacin zafi, hanyoyi kan cika da manyan a-kori-kura irin su Ford F-150 da Toyota Tundra, kowacce tana jan tirela mai ɗakin kwana da kicin. Irin wannan tirela tana danna kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta a kan ƙugiyar da ke bayan mota. Mai nauyin kilo 3,000 ke nan za ta ɗora wa motar kilo 300 zuwa 450, kuma tayoyin baya ne ke shan wannan lodi, ga mutane, ga kaya a bodi. Daga nan ake fara gardamar iska nawa za a sa. Amsar tana wurin irin tayar da ka saya.

Duba gefen tayar. Idan lambar girmanta ta fara da P, ta motar fasinja ce, kuma da ita yawancin a-kori-kura irin waɗannan ke fitowa daga kamfani. Tana da laushi, ba ta shan mai, ga sauƙin kuɗi. Sai dai a psi 35 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya) take kaiwa iyakar abin da za ta iya ɗauka. Ko an rubuta 44 a gefenta, ƙarin da ka yi sama da 35 zai ɗan taurara ta ne kawai, ba zai ƙara mata ƙarfin ɗaukar kaya ba. Kuma idan tana kan a-kori-kura, sai an raba nauyin da aka rubuta a jikinta da 1.1 kafin a san ainihin ƙarfinta. Gefenta mai laushi ne ke sa direba ya ji bayan mota yana lilo duk lokacin da babbar mota ta wuce shi da gudu.

Mai alamar XL 'yar'uwarta ce da aka ƙarfafa, tana cika ƙarfinta a psi 41 ko 42. Ga mai ƙaramar tirela da ba ya fita sai jefi-jefi, ta wadatar.

LT ita ce ta aiki, kuma aji-aji ce: C tana kaiwa psi 50, D 65, E kuwa 80 a yawancin girma. A nan mutane da yawa ke tafka kuskure iri biyu. Wani ya sa LT, ya ci gaba da bin 35 ɗin da ke kan takardar da aka manna a bakin ƙofar direba, alhali don tayar P aka rubuta ta. LT tana buƙatar iska fiye da P kafin ta ɗauki nauyi iri ɗaya, don haka a 35 tana tafiya ne cikin ƙarancin iska, gefenta yana lanƙwasa, tana tara zafi, kuma zafi ne ke fasa taya. Wani kuma ya ga 80 a gefe ya ɗirka mata 80 gaba da baya. Sai mota ta riƙa tsalle, tsakiyar taya ya cinye tun gefe na nan sabo, birki ma ya rage kamu a jiƙaƙƙiyar kwalta. Ƙaramin bawul na roba ma iyakarsa 65, rim kuma yana da nasa iyaka.

A ganina ajin E ya yi wa mai F-150 da matsakaiciyar tirela yawa. C ko D za ta kashe lilon ba tare da ta karya masa ƙugu a sauran ranakun da motar ke tafiya ba kaya ba. E ta manya ce irin F-250 da Ram 2500, waɗanda kamfani da kansa kan rubuta musu har 80 a baya. Kuma kada mai sayar da taya ya ruɗe ka: taya mai ƙarfi ba ta ɗaga iyakar nauyin da kamfani ya yanka wa motar.

Lambar gaskiya a sikeli take. A tashoshin manyan motoci na Amurka akwai sikelin CAT, inda ake hawa da tirela a ɗaure, a ba ka nauyin gaba da na baya daban-daban. Ka raba nauyin bayan biyu, ka duba teburin nauyi da iska da kamfanoni irin su Michelin da Toyo ke fitarwa, ka ƙara 'yan psi don kariya. Tayar tirelar ita kanta, mai alamar ST, galibi cika ta ake yi zuwa abin da aka rubuta a gefenta.

Kada ka bar shagon taya ba ka sayi gejin awon iska ba. Ƙaramin geji mai kamar biro sau da yawa a 50 yake tsayawa, bai da amfani ga mai D ko E. Nemi mai allura ko mai lambobi da ke kaiwa 100. Fitilar gargaɗin da ke gaban direba ba ta maye gurbinsa, domin sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari take kunnuwa. Da sassafe ake awo, ko bayan mota ta huta awa 3. Idan ka tsaya shan mai ka ga iska ta hau da psi 4 ko 5, zafin tafiya ne, kada ka sace ta.