Gargaɗi ga masu buga riguna: ana sayar da jabun imolshan a Facebook

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar sikirin, wato buga zane a riga ta ragar da aka ɗaure a firam. Abin da ya same ni watan jiya nake so ku ji, kafin wani ya sake faɗawa.

Wata makaranta ta ba ni aikin riguna 200 na gasar wasanni, imolshan ɗina kuma, wato sinadarin da ake shafa wa sikirin don haske ya fitar da zane, ya ƙare. Sai na ga talla a Facebook, wani mutum ya jera robobi masu tambarin kamfanin waje, wai daga Shomolu ta Legas suka fito, shago ake tashi, kusan rabin kuɗin kasuwa. Ya ce a haɗe yake, ba sai na zuba komai ba, kuma yana ɗaukar kowane irin fenti. Kwaɗayi ya ja ni, na tura kuɗi, ya aiko kaya ta tasha.

Ina buɗe murfi warin gam ɗin kafintoci ya buge ni. Ruwa-ruwa ne, launinsa kore mai duhu, ga gudaji a ƙasa. Duk da haka na shafa a sikirin, ya bushe a ɗaki mai duhu, na ƙona a rana, wato na sa shi a hasken rana don zanen ya kama, daidai lokacin da na saba. Ina watsa ruwa komai ya bi ruwa. Na biyu na ƙara lokaci, zanen ya ƙi buɗewa sam. Na uku ya kama da ƙyar, amma ban kai riga 20 ba ƙananan huji suka fara fitowa, fenti yana ɗiga inda babu zane. Riguna 11 na biya daga aljihuna. Da na kira mai kayan, ya ce hannuna ne bai faɗa ba, washegari ya toshe lambata. Shekara tara ina wannan aiki, wai hannuna bai faɗa ba.

Na kai robar wurin maigidana da ya koya mini sana'a. Ya shafa a yatsa, ya shinshina, ya ce: "Yaro, ragowar tsohon imolshan ɗin diyazo ne aka ƙara wa farin gam don ya cika roba." Sannan ya tuna mini abin da na sani na yi sakaci da shi.

Imolshan iri uku ne. Akwai diyazo, wanda ke zuwa da ƙaramar kwalba ko ƙunshin hoda daban, kai za ka narka da ruwa ka zuba, sai shuɗin ya koma kore. Daga ranar da ka haɗa, mako huɗu zuwa shida gare shi, a firij ya ɗan ƙara, a zafinmu na bazara kuwa ba ya ma kaiwa. Akwai mai haɗi biyu, shi ma da hodarsa daban yake zuwa. Na uku shi ne SBQ, shi ne wanda kamfani ke haɗawa tun daga can, yana kai shekara, yana ƙonuwa da sauri, kuma ya fi tsada. To wanda ya ce maka nasa a haɗe yake, kuma ya fi diyazo araha, ka tambaye shi wane iri ne. Idan ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Maganar "kowane fenti" ma abin dubawa ce: fentin ruwa yana cinye imolshan ɗin da ba a yi shi don jure ruwa ba, kuma kamfanin gaskiya yana rubuta wannan a jikin roba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na wani abokina a Kaduna. Shi an aiko masa da ƙulli a leda, wai diyazo, hoda mai launin lemu tana ƙyalli kamar gishiri. Wannan baikuromet ne. Tsofaffin masu sana'a sun yi aiki da shi da gam, yana kamawa, amma guba ne: yana cin fata, yana cikin sinadaran da ke jawo ciwon daji, kuma haɗinsa ba ya daɗewa. Abokin nawa ya dama shi da hannu babu safa, yaransa na shago suna wanke sikirin a kwatar da ke bi ta ƙofar gidajen mutane.

Robar da aka aiko mini babu lambar rukuni, babu ranar da aka yi ta, murfin kuma an taɓa ɓalle shi. Idan za ku saya daga wanda ba ku sani ba, ku ce ya ɗauko hoton waɗannan ukun tukuna, ku karɓi roba ɗaya, ku gwada a ƙaramin sikirin da lokuta daban-daban kafin ku ɗora aikin mutane a kai.

Mutumin ya canza sunan shafinsa, amma hoton robobin nan da aka jera a kan shuɗiyar tabarma bai canza ba, jiya ma na gan shi a wani zauren WhatsApp na masu ɗab'i. Tawa robar tana nan a shago, na ajiye ta ga duk wanda yake son ya shinshina.